Fitilar Ta Nuna Ram, Laifin Na Noti Ne

Mu masu rubuta manhaja mun saba da inji mai faɗin inda ke masa ciwo. In shiri ya faɗi, yakan bar maka rubutu: fayil kaza, layi na kaza, ga abin da na nema na rasa. Ko bayanin ya zo a murɗe, akwai bakin zaren da za ka kama. Kwamfutar da ta ƙi tashi ba ta da wannan kirki. Ka danna maɓalli, fankoki su juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin, ba uffan.

Zafin Kano ne ya kai ni ga sanyaya kwamfuta da ruwa. A watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40, firosesar Intel kuwa da zarar ta doshi 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Aikin da ta saba gamawa kafin shayina ya huce ya koma sai na sha na wanke kofi. Na sayi irin rufaffiyar nan da ake kira AIO: ɗan famfo a kan firosesa, tiyo biyu, da lagireto mai fankoki, kamar dai na mota. Ruwan ba ya ƙirƙirar sanyi, yana kwasar zafi ne ya kai shi inda iska za ta ɗauke, don haka ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba.

Wani mai gyara ne ya ɗaura min a shagonsa ranar Laraba. Yana ɗaure notin ƙarshe aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Ya ce, "Injiniya, tafi da ita kawai, aikin nan na yi shi ya fi a ƙirga." Da daddare na kunna a gida, shiru. Ranar Juma'a zan miƙa manhajar lissafin kaya ta wani kantin magani, kuma da cikon kuɗin aikin zan biya haya. Rubutun manhajar na ajiye a intanet, amma tsohuwar laftof ɗina ba ta iya ɗaukar nauyin haɗa shi.

Tsoron farko shi ne yoyo. Na cire wuta, na bi kowace mahaɗa da takardar goge hannu. A bushe. Na dafa famfon, na ji yana ɗan kaɗawa, yana da rai ke nan. Babbar wayar wuta mai baki 24 na zaune, haka ma mai baki 8 da ke ciyar da firosesa, wadda aka fi mantawa da ita in lagireto ya tare saman akwati. Wasu madabod kan ƙi wucewa in ba su ji fanka a ramin CPU_FAN ba, amma su sukan rubuta ƙorafinsu a allo. Tawa ko harafi ɗaya.

Abin da ya rage shi ne ƙananan fitilu huɗu a gefen madabod: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Kafin kwamfuta ta nemi Windows, takan duba sassanta bi da bi, inda ta maƙale fitilar wurin ta tsaya a kunne. Tawa ta tsaya a kan DRAM, wato ram. DDR5 kan ɗauki 'yan mintuna tana daidaita kanta a tashin farko, sai na ba ta minti goma. Na zare batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, don BIOS ta manta saitinta. Fitilar ba ta motsa ba.

Na kira mai gyara. Ya ce, "Ai ta gaya maka da kanta. Ram ya mutu, gobe ka zo in nemo maka sabo." Ban ga laifin hujjarsa ba, abin da fitila ta nuna ya karanta. Amma ram biyu da suka yi aiki lafiya da safe, me zai kashe su da yamma, alhali ba wanda ya taɓa su?

Nan na koma ga abin da na iya: rage abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ram guda a ramin A2, sai ga allo ya kawo haske. Na sa ɗan'uwansa a wannan ramin, ya tashi. Kowannensu na mayar B2, duhu. Ashe duka biyun lafiyarsu ƙalau, hanya guda ce ta toshe.

Hanyar kuwa a cikin firosesa take ƙarewa. Tun 2003 AMD ta shigar da mai kula da ram cikin firosesa, Intel ta biyo baya a 2008. Mazaunin tawa LGA1700 ne, mai siraran ƙafafu 1,700 da ke tokare da cikin firosesa kamar gashin buroshi, ɗaruruwa daga cikinsu na ram ne. In abin da aka ɗora a sama ya danne gefe guda fiye da ɗaya, wasu ƙafafun sai su daina taɓawa. Madabod ba ta san noti ba. Ta kira ram bai amsa ba, ta kunna fitilarsa.

Na ɗauko sukundireba. Noti uku sun kwance cikin sauƙi, na huɗu sai da na sa ƙarfi, an matse shi har ƙurya kafin a taɓa sauran. Na ɗaga firosesar, na haska mazaunin da fitilar waya, gabana na faɗuwa, domin ƙafa ɗaya in ta lanƙwashe da wuya garanti ya karɓa. Duk suna tsaye. Na goge tsohon man da ke tsakani, na ɗiga sabo, na ɗaure notunan a gicciye, juyi biyu nan, juyi biyu can, har kowanne ya tsaya da kansa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare fitilun suka bi layi, CPU, DRAM, VGA, BOOT, duk suka mutu, BIOS ta ƙirga ram biyu cif. Da safe na aika wa mai gyaran hoton allon. Ya amsa da saƙon murya: "Ikon Allah! To Injiniya, ram ɗin da na riga na karɓo maka fa?"