Me Za Mu Loda Wa Jirgi?

Yawancinmu a nan Rawayau ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Amma jiharmu ta daɗe da layin dogo. Ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929.

Don ɗaukar kaya Turawa suka shimfiɗa shi, musamman auduga da gyaɗa. Manoman Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara su noma auduga, a kai ta Funtuwa kan jakuna, daga baya a motoci. A can kamfanin BCGA, wanda mutane suka mayar Bisije, yake gurje ta, a ɗaure dila-dila, a loda a taragu. Jirgin da kwal da ruwa yake tafiya, kwal ɗin kuwa daga Inugu. In ya isa Zariya sai ya hau babban layi zuwa Legas, daga nan kayan su shiga jirgin ruwa sai Ingila. Albarkacin wannan tasha Funtuwa ta bunƙasa.

To, me ya kwantar da layin? Fari ya zo a 1973, cuta ta cinye gyaɗa a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, manyan motoci kuma suka karɓe dako. Taragu suka rasa kaya, gyara ya tsaya, ciyawa ta rufe dogo.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mun yi murna, domin Katsina ba ta da nisa da mu. Sai dai tarihin Funtuwa ya nuna mana cewa kaya ke riƙe jirgi. In ya kawo mana na wasu ya koma wayam, kuɗinmu ne zai riƙa kwashewa.

Muna da gonaki, muna da dabbobi, ga madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma. 'Yan'uwa ɗalibai, mu daina ɗaukar darasin aikin gona a matsayin horo. Malamanmu kuma, muna roƙonku, ku koya mana yadda ake busar da tumatir da adana hatsi da matse man gyaɗa. Lokacin da za mu gama makaranta, mu ne za a tambaya abin da za a loda.