Zaɓen Shugaban Ƙasa Da Yaran Gidana A Jos

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya zauna a Jos cikin shekaru ashirin ɗin nan da 'yan kai ya san gaskiyar wannan magana. A wasu garuruwa, idan zaɓe ya gabato, abin da akan tambaya a majalisa shi ne wa zai ci. Mu nan kuwa, kafin a kai ga wannan, sai uwar 'ya'ya ta leƙa buhun masara ta ga mudu nawa ya rage, sa'an nan ta tambayi maigida inda za a kai yara in abu ya ɓaci. Abin da ya faru a gidana ke nan a farkon shekarar 2023, na kuwa ga ya kamata in ba masu karatu labari, don na san ba ni kaɗai ba ne.

'Ya'yanmu uku ne. A lokacin babban yana da shekara 10, ƙanwarsa 7, autansu kuma 4. Wata rana cikin watan Janairu, bayan sallar lisha, ana tsananin sanyin nan na Jos da ke hana mutum taɓa ruwan randa, sai uwargida ta zauna kusa da ni ta ce, "Malam, ina da magana. Ina so kafin zaɓen nan in kai yara Bauchi wurin Inna, mu zauna har ƙura ta lafa."

Ban ga laifinta ba. Tana budurwa a gidan iyayenta aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar Alhamis 27 ga Nuwamba 2008, gari bai gama wayewa ba ranar Juma'a rikici ya tashi a Jos ta Arewa, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka, Musulmi da Kirista. Da zanen jikinsu kaɗai suka fita, suka kwana uku a wata makaranta. Ni kuma na ga abin da ya auku ranar 7 ga Satumba 2001 da idona. Dukanmu biyu mun tuna yadda garuruwa da dama na Arewa suka kama da wuta bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilu 2011. Saboda haka ban ce mata a'a ba, na dai ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani, domin in ta tafi ƙuri'arta ta tafi, tun da rumfar zaɓenta nan unguwarmu take.

Kafin in gama tunani sai maganar canjin kuɗi ta sha kanmu. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya ce daga 31 ga Janairu tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin muka mayar banki, sababbin kuwa ba su zo hannu ba. Ga kuma wahalar man fetur. Nakan yi asubanci in je in bi layi a bakin banki, in dawo da azahar hannu rabbana. Mutum yana da kuɗi a ajiye, amma mai koko da ƙosai ba ta san wannan ba, mai kayan miya a Farin Gada ma a hannu yake so ya gani. Kuɗin motar mutum huɗu zuwa Bauchi sai ya zama abin lissafi.

Ranar da abin ya yi tsanani, 'yar tawa ce ta fisshe mu kunya. Ta ɗauko asusunta na ƙasa wanda take tara kuɗin yawon salla, ta ce, "Baba, a fasa." Da aka fasa sai ga 'yan Naira ashirin-ashirin da hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, watau irin waɗanda canjin bai shafa ba, waɗanda a makon nan sun fi kowane kuɗi daraja a garin. Da su muka yi cefanen kwana biyu. Amma ba ta sake su ba sai da ta sa yayanta ya rubuta adadin a bayan littafinsa na lissafi, na sa hannu. Na yi dariya a fili, a zuci kuwa na ji nauyi ƙwarai, magidanci da cin bashin 'yar shekara 7.

Abin da ya fi wannan damuna ya zo ne bayan 'yan kwanaki. Babban ya dawo daga makaranta da yagaggiyar riga. Da na matsa masa sai ya ce wasan zaɓe suka yi lokacin tara, aka yi akwati da kwalin sabulu, aka rabu gida-gida. Shi kuma ya ce wa abokinsa, wanda suke zama benci ɗaya tun aji 1, "In naku ya ci, korarmu za a yi daga garin nan." Yaron ya mayar masa da irinta, shi ke nan aka kama kokawa.

Na ce, "Kai, wa ya gaya maka wannan magana?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a ƙofar gida na ji kuna faɗi."

Na rasa abin cewa. Lalle an faɗi haka a majalisarmu, ba ni na faɗa ba, amma ina zaune ban kuwa musa ba, shi kuma yana gefe yana zuba mana shayi. Mu a wurinmu hira ce ta manya wadda iska ke kwashewa. Shi ya ɗauke ta gaskiya tsantsa, ya kwana da ita, ya kai ta makaranta.

Daren nan na tuna da zaɓen farko da na yi wayo na gani, na ranar 11 ga Agusta 1979, ina da shekara 7. 'Yan takara biyar ne: Alhaji Shehu Shagari na NPN, da Cif Obafemi Awolowo na UPN, da Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP, da Malam Aminu Kano na PRP, da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP. Mahaifina tela ne, ɗan PRP na gani-kashe-ni, har ya liƙa alamar mabuɗi a jikin kekensa na ɗinki. Maƙwabcinmu na dama ɗan NPN ne, na hagu kuma Kirista ne ɗan ƙasar nan, tsohon ma'aikacin kuza, yana NPP. Rediyo ɗaya suke saurare a shagon mahaifina. Mu yara mukan bi kowace mota da gudu, in ta NPN ce mu ce "Aminci", in ta PRP ce mu ce "Nasara", ba don mun san bambanci ba. Jihar Filato ta ba NPP, Mista Solomon Lar ya zama gwamna, ƙasa kuma ta ba Shagari. Aka yi ta gardamar nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, har Kotun Ƙoli ta raba gardama ranar 26 ga Satumba. Mahaifina bai sami gwamna ba, bai sami shugaban ƙasa ba, amma kashegari ya buɗe shago, maƙwabtan nan biyu suka zo suna yi masa ba'a, yana ramawa.

Ba na cewa siyasar wancan zamani ta salihai ce. An yi banga, an yi zage-zage, zaɓen 1983 ya bar baya da ƙura har soja suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba. Sai dai ban taɓa jin an ce za a kai mu wani gari don za a yi zaɓe ba, kuma wanda mahaifina ke gardama da shi katanga ɗaya ta raba mu. Yau unguwanni sun rabu tun bayan 2001, kowa ya koma cikin nasa, har ya zama ɗana ba ya haɗuwa da irin wancan yaro sai a makaranta. In na bari wannan 'yar hanya ma ta toshe, to, ba sauran inda zai san su sai a bakin 'yan majalisa.

Ranar Asabar na ce ya sa takalmi, muka hau Keke Napep zuwa gidan su abokin nasa. Ba zan ɓoye ba, na yi shekaru fiye da 10 rabona da shiga wannan unguwa, gabana kuwa yana faɗuwa. Mahaifin yaron ya fito ya tarbe mu, ya sa aka kawo kujeru. Na ce na kawo ɗana ne ya ba da haƙuri. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ai nawa ma a bakina ya ji. Matata tun makon jiya take cewa a kai yara ƙauye." Muka dubi juna, muka yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. Kafin mu gama gaisawa yaran sun ɓace bayan gida da ƙwallo. Da za mu rabu muka karɓi lambar wayar juna, muka yi alkawari duk wanda ya ji an ce wani abu na faruwa a unguwar ɗan'uwansa, ya buga ya tambaya kafin ya gaya wa kowa.

Da na koma na kwashe labari na gaya wa uwargida. Ta ce, "To, mun zauna. Amma da sharaɗi: a sayi abincin mako biyu a ajiye, kuma hirar siyasa ta bar ƙofar gidan nan." Na ce na yarda. Abokan hira sun ji haushi, wani ma ya ce na zama mijin-ta-ce. Na ƙyale shi.

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu aka hana zirga-zirgar motoci, yaran unguwa suka mai da titi filin ƙwallo. Uwargida ta fara zuwa ta jefa ƙuri'arta, ta dawo ta karɓe ni tsaron gida, na tafi. Na'ura ta duba yatsana da fuskata, aka ba ni takardu, aka shafa mini tawada. Auta ya yi ta kuka sai an sa masa irinta, har uwarsa ta ɗiga masa shuɗin wanki a farce. Da yamma na riƙe hannun babban muka tsaya daga nesa, ya ga ana zazzage akwati ana ƙirgawa da ƙarfi a gaban wakilan jam'iyyu, kowa na ji.

Daren Lahadi sai ga saƙo yana yawo a wayoyi, wai an fara taruwa a unguwar su abokin ɗana. Uwargida ta miƙe tana haɗa kayan yara. Na buga waya. Mutumin ya ce, "Ga ni a ƙofar gida, ba kowa sai mai shayi. Mu ma yanzu aka ce mana ku ne kuka taru." Na ce ya saurara da kyau, ba abin da zai ji sai kukan janareto. Na fita na gaya wa maƙwabta, shi ma ya gaya wa nasa, muka kwana lafiya.

Kafin asubahin Laraba 1 ga Maris aka bayyana Bola Ahmed Tinubu ya ci, Atiku Abubakar na biye, sai Peter Obi, sai Rabi'u Musa Kwankwaso. A Filato Obi ne ya zo na ɗaya, watau kamar 1979, jiha ta nufi wani wuri, ƙasa ta nufi wani. Wanda na zaɓa bai ci ba. Babban ya dube ni da damuwa ya ce, "Baba, to yanzu yaya za mu yi?" Na ce waɗanda ba su yarda ba za su tafi kotu, shi kuma ya je ya yi wanka kada ya makara. Haka kuwa aka yi, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Oktoba.

Ban ce tsoron uwargida ya ƙare ba, ban kuma ce ba shi da dalili ba. A ƙarshen wannan shekara ma an kashe mutane da yawa a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Amma ina roƙon iyaye 'yan'uwana, na Jos da na sauran wurare, mu lura da wanda ke zuba mana shayi sa'ad da muke hira, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan nan nawa zai cika shekara 18 a 2031, in Allah ya kai mu, ya karɓi katinsa. Bashin 'yata kuwa na biya tun cikin azumin shekarar, har da ƙarin Naira 200 da ta ce ladan jira ne.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, amin.