Farfela a Bakin Ruwan Yeji

Da hutun makaranta na sauka Yeji, zan ƙetare tafkin Volta zuwa Makango. Na tarar mai jirginmu ya ɗaura sabon inji, amma ya ƙi tashi sai ya sauya farfela. Ya ce wadda ke jikin injin ta gudu ce. Jirgi mai lodin masara da kifi kuwa sai wadda fuka-fukanta ba su karkata sosai ba, don kada injin ya wahala.

Ta alminiyam ya zaɓa, ya ajiye wata. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, kututturan dajin da ruwa ya cinye suna nan ƙarƙashi, kuma gara farfela ta karye da giyar inji.

Jama'a, kafin ku shiga jirgi, ku tambaya ko akwai farfela ta biyu.