Ranar da Waya Ta Goge Zanen Inna

Mu biyar Inna ta haifa, kuma da wuya mu taru a gida a watse ba a yi musu ba. A ƙaramar Sallar 2024 a kan waya aka yi shi. Auta ne ya shigo da sabuwar da ya sayo a kasuwar Farm Centre ana saura kwana uku Sallah, yana ta juya ta a hannu don kowa ya ga idanuwa ukun da ke bayanta. Ya ce megafiksel 50 gare ta. Yaya Babba ya taɓe baki, ya ce tsohuwar wayarsa ta 2015 ta fi ta faɗin gaskiya, duk da megafiksel 8 ce. Muka kwashe da dariya. Ya ce to a gwada mana.

Tsohuwar wayar tana hannun Inna, da ita take amsa kiranmu. Gilashinta ya tsage ta kusurwa, sau biyu ana canja mata batir. Mun sha yi wa Inna tayin wata, tana cewa a bar mata abarta. Mu ma ba mu taɓa matsawa ba, don mun san abin da ke cikinta.

Gwajin farko da hantsi muka yi shi a tsakar gida. Muka jera yara cikin kayan Sallah a gindin darbejiya, aka ɗauke su da wayoyin biyu, aka tura rukuninmu na WhatsApp ba tare da an faɗi wace ta ɗauki wane ba. Biyu daga cikinmu suka kasa bambancewa. Idan rana ta wadata kowace kyamara gwana ce, ga shi kuma WhatsApp yana matse hoto kafin ya isar da shi, sai mai tsada da mai araha su koma kusan ɗaya. Sai da muka buɗe hotunan a kan wayoyin da kansu muka ga inda aka rabu. A tsohuwar, farar shaddar yaron Yaya ta zama fari fat, aikin wuyan ya ɓace, fuskokin da ke inuwa kuma sun dushe. A sabuwar ana iya bin zaren aikin da ido, ga ganyen bishiyar, ga shuɗin sama.

Na ukunmu, wanda ya karanci kwamfuta, shi ya yi mana bayani, ya kuma fara da rage wa Auta hanzari. Ya ce yawan megafiksel ɗin da ake rubutawa a kwali ba shi ne sirrin ba. Yawancin wayoyi masu 50 suna haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton da suke ba ka a kullum bai wuce 12 da rabi ba. Abin da ya canja shi ne farantin da ke karɓar haske ya ƙara girma, ƙwaƙwalwar wayar kuma ta ƙara sauri. Kai sau ɗaya ka danna, ita kuwa ta ɗauki hotuna da yawa a jere, wani da haske wani da duhu, ta tsinci mai kyau a kowane ta haɗa maka guda. Tsohuwar ɗaya take ɗauka, yadda ya zo haka za ka karɓa.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, muka ce ga gwaji na biyu ya kawo kansa. Muna zaune a kan tabarma, fitilar caji ɗaya a tsakiya. Tsohuwar ta ba mu baƙin hoto mai tsaki-tsaki, sai haƙoran wani da farin hular wani. Auta ya ce kowa ya tsaya cak, ya riƙe tasa daƙiƙa uku. Abin da ta fitar kamar bayan la'asar aka ɗauka. Ga mu nan ras, ga buta da tsintsiya a bayanmu, abubuwan da idonmu ma ba ya gani a lokacin. Irin wannan ɗaukar dare ta yi suna ne tun 2018, lokacin da Google ya sa ta a wayoyinsa na Pixel, yau kuma ta sauko har wayoyin talaka. Auta ya yi ta tsalle. Yaya Babba ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Ya yi kyau. Amma mu dai a duhu muke zaune." Muka ce borin kunya ne.

Washegari muka roƙi Inna ta zauna a yi na uku da ita. Inna ba ta son hoto, sai da jikoki suka sa baki. Bagobira ce, daga wajen Sabon Birni aka kawo ta Kano aure, tana da zanen Gobirawa da ya taso daga gefen baki ya bazu har kusa da kunne. Babu ɗayanmu mai shi, balle 'ya'yanmu. Ita ce ta ƙarshe mai zane a gidanmu.

Auta ya zaɓi ɗaukar da ke dusar da bayan mutum ta fito da fuska, ya danna, ya miƙa mata cikin alfahari. Jikoki suka leƙo suna cewa Inna ta koma yarinya. Fatar ta yi sumul, ta ƙara haske, tamojin goshi ya kwanta. Zanen kuwa ya koma wata inuwa-inuwa, sai wanda ya san da shi zai lura. Inna ta kai wayar nesa da ido, ta dawo da ita kusa.

"Auta, wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Inna."

"To ina aka kai zanena?"

Babu wanda ya amsa. Yaya Babba ya ɗauke ta da tsohuwar ya nuna mata. Hoton ya fi duhu, bakin mayafin ya yi dishi-dishi, amma layukan suna nan a kumatunta. Ta ce, "Yauwa, ga ni nan." Ta tashi ta shige ɗaki.

Mun bincika wayar Auta muka tarar akwai wani gyaran fuska da ta zo da shi a kunne. A wurinsa duk layin da ke kan fata aibi ne da ya kamata a share, bai san bambancin ƙurji da aikin wanzami ba. Da aka kashe shi aka gwada a kan fuskar Yaya, har furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa. Wato sabuwar ta fi tsohuwar gani nesa ba kusa ba. Ta ga zanen Inna sarai, ta yanke shawarar ba ma bukatarsa.

Wannan ne ya tsaya mana a rai. Mun taso muna ɗaukar hoto a matsayin shaida, alhali kowace kyamara akwai wanda ya zauna ya tsara mata abin da za ta kira kyau. A zamanin fim, shekaru da yawa masu wanke hoto suna daidaita launi da katin kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, shi ya sa baƙar fata ta daɗe tana fitowa kamar an shafa gawayi. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da itel, yana cikin abin da ya ci kasuwar Afirka da shi gyara kyamara ta iya ɗaukar baƙar fata. Google ma a 2021 ya fito da tsarin da ya ce zai nuna kowace fata da launinta na ainihi. An samu ci gaba, ba mu musa ba. Amma muna kallon 'yan matan gidanmu, waɗanda tun tasowarsu waya ke nuna musu fuskar da ta fi tasu haske, muna tunanin me suke ji idan suka koma gaban madubi.

Da yamma Auta, yana neman wanke kansa, ya ce a ba shi hoton Baba ya gyara. Hoton nan shi ne dalilin da ya sa ba a rabu da tsohuwar wayar ba. Yaya ya ɗauke shi a babbar Sallar 2015, dab da magariba, Baba yana zaune a zaure. Daidai lokacin dannawa ya juyo zai yi magana, fuskar ta gauraye. Aka ce a bari sai wani lokaci a sake. Kafin wata Sallar ya rasu. Ban da ɗan hoton fasfo na tafiyarsa Hajji, shi ke nan abin da muke da shi.

Auta ya sa hoton a wata manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Cikin minti ɗaya ga dattijo ya fito tangaran, ido biyu a buɗe, yana murmushi. Wallahi sai da gabanmu ya faɗi. Yayarmu mace ta fara hawaye, har ana maganar a kai a wanke babba a sa a firem. Sai muka lura haƙoransa sun cika reras, alhali Baba yana da giɓi a sama. Hancin ya ɗan miƙe. Zanen hular ma ba nasa ba ne. Muka kai wa Inna ba mu ce komai ba. Ta duba ta ce, "Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, ko wane ne. Amma ba Malam ba ne."

Na ukunmu ya tuna mana cece-kucen da aka yi a 2023 kan hotunan wata na wayoyin Samsung, lokacin da kamfanin ya bayyana cewa wayar tana gane wata ne ta ƙara fito da kamanninsa da taimakon abin da aka koya mata. Ya ce wata fuska ɗaya yake nuna wa duniya, na'ura ta haddace ta. Fuskar Baba kuwa babu inda ta taɓa ganinta, sai ta aro daga fuskokin dubban mutane ta cike gurbin. Auta ya goge hoton da hannunsa.

A daren Yaya Babba ya sauko daga kan bakansa. Ya ce da wayar Auta ce a hannunsa ranar nan ta 2015, da yanzu muna da fuskar Baba, da giɓinsa da komai. Tsohuwar ba ta yi mana ƙarya ba, amma gaskiyar da ta iya riƙewa kaɗan ce, kuma mun ji a jikinmu. Auta shi ma ya ce bai taɓa shiga saitin kyamararsa ba sai ranar. Musun ya mutu a nan, ba wanda ya ce shi ya ci.

Kafin mu watse muka sake roƙon Inna. Ta ce ita ta gama da hoto. Yayarmu ta ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri, saboda yaran nan ne. Wannan karon da zanenki." Ta yi shiru, can ta ce a miƙo mata mayafinta mai ruwan ƙasa. Muka zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa ta gefe, aka kashe duk wani gyara, aka goge gilashin kyamarar da bakin riga. Auta ya ɗauka sau goma sha biyu. Ta zaɓi ɗaya da kanta. Kowane layi ya fito, har wanda ya ɗan karkace a kuncin hagu, wanda ta ce mahaifiyarta ta gaya mata motsi ta yi a hannun wanzami.

Mun tura wa juna shi a matsayin fayil don kada a matse shi, muka kuma wanke guda shida, kowa ɗaya, ɗaya na ɗakinta. Ƙaramar jikarta takan sa yatsa a kan gilashin tana ƙirga layukan, Inna tana gyara mata in ta yi tsallake. Tsohuwar wayar tana nan a ƙarƙashin matashinta. Mun kwafe hoton Baba mun adana a wurare uku, yadda yake, da dishi-dishinsa. In an buɗe shi, mu da muka san shi muna ganin ya juyo zai yi magana.