Kufai Biyu da Majami'a Ɗaya

Ran wata Asabar muka sauka Richmond, wani tsohon gari a arewacin Ingila, muka tarar kasuwa tana ci a dandalin tsakiyar gari. In ka ɗaga kai daga kasuwar sai ka hangi wata hasumiyar dutse, tsawonta wajen ƙafa 100. Ta tsohuwar fadar yaƙi ce, wadda wani basarake, Alan Rufus, ya soma ginawa wajen 1071, bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066. Muka hau har ƙoli muna haki. Da muka duba ƙasa, sai zauruka ba rufi, ciyawa ta mamaye filin da mayaƙa suke taruwa a dā.

Muka sauko, muka bi gefen kogin Swale da ƙafa. Ba mu yi mil 2 ba muka iso Easby. Nan ne aka kafa gidan masu zuhudu a 1152. Mazauna gidan fararen riguna suke sawa, suna addu'a dare da rana, suna kuma hidima a majami'un ƙauyuka. Shekara kusan 400 suna nan, har Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan a 1536. Aka kwashe darmar rufin, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Yau bangon ɗakin cin abincinsu yana tsaye, manyan tagoginsa wayam, tsuntsaye na shiga suna fita.

Zuciyata ta yi nauyi. Na ce a raina, in gidan addu'a irin wannan ya zama kufai, ina ga namu na ƙasa da kwano?

Amma daf da kufan akwai wata 'yar majami'a, ta Agata Mai Tsarki. Muka tura ƙofa, ta buɗe. A bango ga zane-zane tun na wajen 1250, ga Adamu da Hawwa'u, ga haihuwar Yesu, ga kabarinsa. An taɓa shafe su da farar ƙasa, daga baya aka kankare, suka fito. Har yanzu mutanen wurin suna sujada a cikinta.

To, 'yan'uwa, abin da ya rayar da ita ke nan, ba kaurin bango ba. Mutane ne ba su fasa zuwa ba, iyaye suna kawo 'ya'yansu. Ran Lahadi mai zuwa, kada a bar yara a gida.