Mai Tsaron Ƙofar Magani

A zamanin da, kowace ƙofa ta birnin Kano tana da Sarkin Ƙofa. Shi ke buɗe ta da safe, ya rufe da dare, yana lura da masu shige da fice. Yanzu ba a rufe Ƙofar Na'isa, amma a unguwar akwai wata mata wadda aikinta ya yi kama da nasa. Ita ƙofar magani ta ke tsaro.

Tana 'yar aji biyar, zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙanenta. Ubansu ya sayo ƙwayoyi wurin wani mai talla. Aka kwana uku ana ba yaro, jiki sai ƙara zafi ya ke yi. Da aka kai shi asibiti, likita ya duba kwalin, ya ce, "Malam, ai wannan jabu ne." Allah ya sa da sauran kwana, yaro ya tashi da ƙyar.

Da suka komo gida ta ce, "Baba, wa ya bar mutumin nan ya sayar da shi?" Uban ya yi shiru.

Tambayan nan ba ta bar zuciyarta ba. Ta dage da lissafi da kimiyya, har ta sami shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta koyi ilmin haɗa magunguna. Sa'an nan ta kama aiki a NAFDAC, watau hukumar da Gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna.

Ba ta yi wa kowa allura. Kantuna ta ke bi, tana duban lambar hukuma a jikin kwali, da ranar da magani zai lalace. Wanda ta yi shakkarsa sai ta aika a gwada. In jabu ne, a kwashe a ƙone. Bayan haka ta kan zauna ta lissafta inda ɓarna ta fi yawa, ta rubuta wa shugabanni shawara a kan dokar da ta kamata a gyara.

Aikin kuwa sai mai gaskiya da ƙarfin hali, don masu jabu su kan zo da toshiyar baki, in an ƙi su koma barazana. Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, har harbinta aka yi a 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta, amma ba ta fasa ba.

Likita yana warkar da wanda ya zo gabansa. Ita kuwa matan nan tana kare dubban yaran da ba ta taɓa gani ba, su ma ba su san ta ba. Ƙanenta ya girma, ya yi iyali. Har yau ba ya ba 'ya'yansa magani sai ya juya kwalin ya duba.