Kafin Ki Zubar da Tsofaffin Kaset Ɗin Gidanku

A mafi yawan gidajenmu, mace ce ke yanke wa tsofaffin kaya hukunci. Ranar da za a yi fenti, ko za a tashi daga gida, ko an raba gado an bar tarkacen da babu mai so, uwargida ce ke tsayawa ta ce wannan a ajiye, wannan a ba 'yan gwangwan, wannan a kai bola. Shi ya sa nake son mu yi wannan magana da ku, 'yan uwana iyaye mata. Maganar kuwa a kan tsofaffin kaset ce, waɗanda ke jibge a ƙarƙashin gado ko cikin adaka, an daɗe da rasa rikodar da za a saka su.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Ƙofar Sauri aka haife ni, nan kuma nake aure. Shekara bakwai ke nan ina tara kaset ɗin Alhaji Mamman Shata da na wasu makaɗan zamaninsa. Waɗanda kamfani ya buga da hoto a bango ba su cika damuna ba, don ana samun waƙoƙinsu a waya. Na wajen wasa nake nema, irin wanda wani ya saɓi rikodarsa ya tafi da ita wajen biki ko ajo ko wasan Sallah, ya danna jan maɓalli, ya ajiye ta kusa da lasifika. Yanzu ina da irinsu 74, da faifan garmaho 9. Guda 43 daga akwatin Baba suka fito, sauran kuwa roƙo na yi gida-gida, wasu a wajen tsofaffin masu sayar da kaset da suka koma tura wa mutane waƙa a memori. Abokan aikina kan tsokane ni, wai jikin yarinya, kunnen tsohuwa.

Wata za ta ce me ya raba na wajen wasa da na kamfani, ba duk Shata ba ne? Akwai bambanci babba. An haifi Shata a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Ya fi shekara 50 yana waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Kamfanin EMI ya buga masa faya-fayai, Rediyon Najeriya Kaduna kuma ya naɗi waƙoƙinsa da dama. To amma Shata ba ya zama ya rubuta waƙa ya haddace. Masu kalangu na farawa, 'yan amshi na karɓa, sai ya dubi wanda ke gabansa ya shiga saƙa magana nan take. Saboda haka waƙa ɗaya, idan ya yi ta yau a Funtuwa, gobe a Katsina ta sauya. Ina da Bakandamiya kala huɗu, kuma babu biyu da suka zo daidai. Babban faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 20 a kowane gefe, don haka na kamfani a taƙaice yake. Kaset mai lamba 90 kuwa minti 45 ne kowane gefe, sai ka ji wasan da tsawonsa, da tsayawar da aka yi ana liƙi, da sanƙira yana shelar wanda ya yi kyauta. Abin da aka yi a daren nan, idan ba a wannan kaset ɗin ba, babu shi a ko'ina a duniya.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A Amurka, a 1969, wasu sun buga faifan bayan fage na waƙoƙin Bob Dylan ba da izninsa ba, ya kuma yi kasuwa sosai. Daga 1991 kamfaninsa da kansa ya shiga fito da irin waɗannan naɗe-naɗe a hukumance, da ya ga mutane ba su daina nema ba. Ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead kuwa, daga 1984 wuri ta keɓe a filin wasanta don masu zuwa da rikoda, bisa sharaɗin su yi musaya da juna, kada su sayar. Su can an jera nasu, an rubuta ranar kowane wasa da garin da aka yi shi. Mu nan akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, kamar marubutan littafin Shata Ikon Allah da ya fito a 2006, waɗanda suka bi tarihinsa da waƙoƙinsa. Amma abin da ke cikin ɗakunanmu babu mai binciken da zai kai gare shi, sai in mu muka buɗe akwatin.

Ni dai ba Shata ne ya riƙe ni a wannan harka ba, duk da son da nake yi wa waƙarsa. Wani kaset ne a akwatin Baba, wanda aka rubuta wa “bikin gidan Alhaji, 1986, wajen mata” da jan biro. Baba direba ne a wajen wani ɗan kasuwa a lokacin. Da maigidan nasa ya tashi aurar da 'ya, an ɗauko Barmani Choge daga Funtuwa ta yi wa mata kiɗan ƙwarya a cikin gida. Namiji ba ya shiga, sai Baba ya ba Inna rikodar ya ce ta naɗo masa. Ita kuma ta ɗora ta a cinya. Saboda haka muryar Barmani can nesa take, muryar da ta fi kusa ta Inna ce.

Inna ta rasu a 2009, kafin wayar da ke ɗaukar murya da bidiyo ta cika gari. Hotunanta uku ne kawai a gidanmu, dukkansu ta ɗaure fuska kamar yadda ake yi a gaban mai hoto. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, balle in ga ta yi rawa. A cikin kaset ɗin nan kuwa, ga wata yarinya tana dariya har da shewa, tana rangaɗa guɗa, can sai ta ce wa ta kusa da ita, “Ke, riƙe mini yaron nan in tashi in taka.” Yaron nan Yayana ne, wanda yanzu furfura ta fara fito masa. Na ɗauki rikoda na tafi wajen Gwaggo don in tabbatar. Ta saurara, ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce, “Ita ce, 'yar nan. Ai uwarki kafin hidimarku ta danne ta, babu mai guɗarta a unguwar nan.” Barmani ta rasu a 2013, waƙoƙinta na nan a wayoyin mutane. Muryar Inna kuwa a wannan siririn zare kaɗai ta rage.

Tun daga ranar na sauya yadda nake sauraren kaset ɗin wasa. Ina kasa kunne ga abin da ke bayan waƙar: tarin wani dattijo, kukan jariri, mai tallar goro, sunayen mutanen da aka kira suka yi kyauta, 'yan kasuwa da direbobi da malaman makaranta waɗanda babu littafin da ya ambace su. Sau biyu ina jin sunan da na gane gidansu a cikin garin nan, na tura wa jikokin wajen da aka ambaci kakansu. Ɗaya daga cikinsu sai da ta zo har gida ta yi godiya da turare.

Akwai kuma Baba. Shekara uku ke nan da hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, magana ta yi masa nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Amma idan na saka masa wani wasan Shata da shi da kansa ya naɗa, sai in ga yatsun hannunsa mai lafiya suna bin kalangu, in an zo amshi kuma ya bi shi tiryan-tiryan. Wannan sananne ne a aikinmu: wasu da shanyewar jiki ta taɓa wa magana suna iya bin waƙar da suka daɗe da sani, domin hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi wajen rera abu ba daidai take da ta magana ba. Ba magani ba ne, kada wata ta ajiye wa tsohonta maganin hawan jini ko gashin ƙashi ta ce ta samu kaset. Amma minti goma da zai ji bakinsa ya yi masa biyayya ba ƙaramin abu ba ne a wajensa. Kafin ciwon, mun zauna da shi mun rubuta bayanin kaset 31: gari, shekara, bikin wa. Sauran 12 ɗin suna nan babu bayani, kuma mai bayanin yana zaune kusa da ni, ba ya iya faɗa.

Na san akwai 'yan uwa da ba sa sauraren kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, ina kuma girmama hakan. Maƙwabciyata ma haka take, amma da ta buɗe akwatin mahaifinta sai ta tarar rabinsa tafsirin azumi ne da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, har da wani da aka naɗi kakarta tana yi wa jikoki tatsuniya. Ni ma ba kowane kaset nake saka wa yarana ba, domin a waƙoƙin wancan zamani akwai zambo da batsa da maganar giya. Ina zaɓa. Ina kuma da doka biyu. Ba na sayarwa, domin mawaƙan nan sun bar iyali, kuma ba gumina ba ne. Ba na kuma ɗora kaset ɗin cikin gida a Facebook ko TikTok. A wani da nake da shi, wasu mata biyu sun manta rikoda na aiki, suka zauna suka yi wa kishiyar ɗayarsu wankin babban bargo. Jikokin duka ukun suna nan da rai, wasunsu ma sun auri juna.

Idan kin samu irin wannan akwati, ga abin da na koya. Zafi da danshi ne manyan maƙiyan kaset, ga kuma ƙurar hunturu da gara. Ki fitar da su daga ƙarƙashin kwano ko jikin bangon da ke tsattsafo da damina, ki jera su a tsaye cikin kwali a wuri mai inuwa, nesa da lasifika, domin maganaɗisun cikinta na iya goge sauti. Wanda kika ga farin funfuna a zarensa, kada ki saka shi a rikoda, zai iya tsinkewa ya kuma shafa wa sauran. Ki ware shi ki kai wa wanda ya san gyara. Sauran kuma, ki zura biro a ramin ki juya a hankali ki ga ko zaren na tafiya. Kada ki gwada kaset mai muhimmanci a rikodar da ba ki amince da ita ba, fara da wanda ko ta cinye ba za ki yi kuka ba. Faifan garmaho shi ma a tsaye ake ajiye shi, rana na lanƙwasa shi, tsoho mai nauyin nan kuma fashewa yake kamar tangaran. Kada a goge shi da sifirit ko kananzir.

Daga nan sai a juye sautin. Akwai ƙananan rikodoji masu juyewa kai tsaye zuwa filashi, ko a haɗa rikoda da kwamfuta da waya. In duk babu, ki kashe fanka, ki rufe ɗaki, ki ajiye wayarki kusa da rikoda ki naɗa, ya fi babu. Ki ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, ɗaya a wajen 'yar uwa a wani gidan, domin waya na faɗawa ruwa, memori na mutuwa ba sallama. Ko an juye, kada a zubar da kaset ɗin.

A wajen aiki an koya mana cewa abin da ba ki rubuta a fayil ba, kamar ba ki yi shi ba ne, domin wadda za ta karɓe ki da safe ba ta da hanyar sani. Haka kaset yake. Zaren zai iya ƙara wasu shekaru, amma mai gane muryoyin da ke ciki ba mu san kwanansa ba. Saboda haka kafin ki nemi mai juyewa, ki fara neman tsohuwar gidanku. Ki kai mata goro ko fura, ki kunna mata, ki riƙe biro da takarda, ki ce, “Hajiya, wace ce wannan mai guɗar?” In kuma a cikin akwatin kin ci karo da wasan Shata da aka yi a Katsina, don Allah ki faɗa mini a ƙasa. Ba saye zan yi ba, aro zan yi in juye, in dawo miki da abinki.